Dorothy Bolden: 'Yar Aikatau Da Ta Haɗa Kan Masu Aikin Gida

Duk wadda ta taɓa leƙa ƙofar gida da sassafe a nan Yakasai, ko a wata unguwa ta cikin birni, ta san matan da ke ratsa lunguna tun rana ba ta fito sosai ba, kowace da ɗan mayafinta, tana sauri ta isa gidan da take aikatau. Wata wanke-wanke da shara za ta yi, wata wankau, wata raino, wata kuwa jinyar tsohuwar da ta kwanta, 'ya'yanta duk sun tafi wurin aiki. Mun san su, muna gaisawa da su, waɗansunmu ma su ne ke riƙe mana gida. Amma da wuya mu ji an ba da tarihin ɗaya daga cikinsu. To, a wannan mako tarihin irin wannan mace na kawo muku. Ba 'yar ƙasarmu ba ce, baƙar fata ce 'yar Amurka, ta yi fiye da shekara 40 tana aiki a gidajen mutane, sa'an nan ta kafa wa masu irin sana'arta ƙungiya, har shugabannin ƙasarsu suka riƙa neman shawararta. Sunanta Dorothy Lee Bolden.

An haife ta ran 13 ga Oktoba 1923 a birnin Atlanta, cikin jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Ubanta direba ne, yana tuƙa masu hali, uwarta kuwa aikin gida take yi wa Turawa. Tana da shekara 3 ta faɗi, faɗuwar ta taɓa mata idanu, ta daɗe ba ta gani sosai, kuma har ta tsufa idon bai koma daidai ba. Tana da shekara 9 ta fara aiki. In an tashi daga makaranta sai ta wuce gidan wata Baturiya ta wanke tsummokin jariri, a ba ta dala 1 da kwata a mako. Ke 'yar makaranta da ke karanta wannan, dubi ƙanwarki ta aji uku ko huɗu a firamare, to kamar ta Dorothy take a lokacin.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san irin ƙasar da ta tashi a ciki. An hana bauta a Amurka tun 1865, amma a jihohin kudu Turawa sun kafa dokokin wariya, watau makarantar baƙi daban, asibitinsu daban, wurin zamansu a cikin bas can baya, har famfon shan ruwa ma daban. Mace baƙa kuwa ƙofofin aiki kusan duk a rufe suke gare ta, in ban da gona da gidan Bature. Ta ƙofar baya take shiga gidan, ba ta cin abinci a teburinsu, ba ta shan ruwa da kofinsu, kuma ko ta haifi uwargidan, da sunanta tsirara za a kira ta, har yaran da ta goya su ma haka. Sau da yawa in wata ya ƙare sai a haɗa mata 'yan kuɗi kaɗan da ragowar abinci da kwancen tufafi, a ce an biya ta. Abin mamaki shi ne, matar da ba a yarda ta taɓa kofi ba, ita ce ke dafa abincin gidan, ita ce kuma ke rungume da jaririnsu yini guda.

Doka ma ba ta san da su ba. A 1935 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ba ma'aikata ikon kafa ƙungiyar ƙwadago da yin ciniki da masu ba su aiki, ta kuma yi dokar fansho ta ƙasa. A 1938 ta yi dokar mafi ƙarancin albashi da iyakar awoyin aiki. Duka ukun an tsame masu aikin gida da leburorin gona daga cikinsu, kuma 'yan majalisa na kudu suna da hannu dumu-dumu a wannan, don kuwa waɗannan ayyuka biyu su ne akasarin baƙaƙen kudu ke yi. Saboda haka sa'ad da Dorothy ta zama budurwa, ma'aikacin masaƙa yana da abin da doka ta yanka masa, ita kuwa sai abin da uwargida ta ga dama.

Karatunta bai yi nisa ba, ta bar makarantar sakandare tun ba ta gama ba don ta nemi abin kai wa baki. Ta tafi Shikago ta shiga makarantar koyon zanen tufafi da ɗinki, amma idon nan ya hana ta, dole ta bari. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta taɓa aiki a babban kantin Sears, ta kuma yi a wani kamfanin wanki, inda ta fara ganin yadda ma'aikata kan haɗa kai su nemi hakkinsu. Daga baya ta komo aikin gida. Aurenta na fari bai daɗe ba. Na biyu, da wani mai suna Thompson, shi ne ya ɗore, suka raini 'ya'ya shida. Yadda yininta yake kuwa shi ne, ta tashi ƙarfe 4 na asuba, ta kintsa gidanta, ta fita ƙarfe 6, ta isa wurin aiki ƙarfe 8, ta yi awa takwas tana shara da girki da wanki da raino, ta kamo hanya ƙarfe 4 na yamma, ta iso gida ƙarfe 6, sa'an nan ta sake ɗaura zane ta yi wa iyalinta irin aikin da ta yini tana yi wa waɗansu.

Kada a ɗauka ta ƙi jinin aikin. Ko kaɗan. Tana alfahari da shi, musamman rainon jarirai, kuma a ganinta sana'a ce mai bukatar gwaninta da amana kamar kowace sana'a. Abin da ta ƙi shi ne raini.

Wata rana, tana matashiya, lokacin tashinta ya yi, sai uwargidan da take yi wa aiki ta ce ta tsaya ta wanke kwanuka. Dorothy ta ƙi, ta ɗauki jakarta ta fita. Matar nan ta buga wa 'yan sanda waya, suka tare ta a hanya, suka kai ta gidan yari, aka ce sai likita ya duba ƙwaƙwalwarta, wai don mace baƙa mai hankali ba za ta mayar wa Baturiya magana ba. Sai da wani kawunta ya shiga tsakani aka sake ta. Ba mari ta yi ba, ba sata ta yi ba, kwanuka kawai ta ƙi wankewa bayan lokaci. Wannan abu bai bar zuciyarta ba har ƙarshen ranta.

A watan Disamba na 1955 aka kama Rosa Parks a garin Montgomery na jihar Alabama saboda ta ƙi tashi ta ba Bature kujera a cikin bas. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa bas har kwana 381, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka sha tafiyar ƙasa a wannan lokaci 'yan aikatau ne, don su ne suka fi kowa hawa bas. Dorothy ta bi labarin daga Atlanta, ya kuwa shige ta ƙwarai. Ta fara shiga aikin neman 'yancin baƙaƙe, tana taimaka wa ɗalibai masu zagayawa suna sa mutane yin rajistar zaɓe.

Gwajinta na fari a kan makaranta ya zo. A 1964 hukumar ilimi ta Atlanta ta shirya kwashe yaran unguwarsu, Vine City, 'yan aji takwas, ta kai su wani tsohon gini a tsakiyar gari wanda an riga an ce bai dace a zauna a ciki ba. Dorothy ta bi iyaye gida-gida, suka hana yaransu zuwa, suka yi ta zanga-zanga a ofishin hukumar, har daga baya aka gina musu sabuwar makaranta a cikin unguwar. Matar da ba ta gama sakandare ba ke nan. A nan ta gane cewa in ta yi magana mutane suna saurara.

A wannan unguwa ta Vine City ne Dokta Martin Luther King ya zauna da iyalinsa a ƙarshen rayuwarsa, saboda haka maƙwabta ne. Ta kai masa kukan masu aikin gida, tana so ƙungiyarsa ta ɗauki nauyin haɗa kansu. Shi kuwa ya mayar mata da ƙwallon, ya ƙarfafa mata gwiwa ta yi da kanta, tun da ita ta san su, ita ta san ciwonsu. A watan Afrilu na 1968 aka harbe shi a Memphis, inda ya je goyon bayan masu kwasar shara da ke yajin aiki. Cikin wannan shekara Dorothy ta tashi haiƙan.

To, amma ta yaya za a haɗa kan masu aikin gida? Ma'aikatan masaƙa ko na jirgin ƙasa suna ƙarƙashin rufi ɗaya, mai biyansu ɗaya, in sun ajiye aiki rana ɗaya kowa zai ji a jikinsa. 'Yar aikatau kuwa ita kaɗai ce a cikin gidan, daga ita sai uwargida, kuma in ta ɗaga murya yau, gobe an sami wata. Mata dubu, iyayen gida dubu. Babu ƙofar ma'aikata da za a tsaya a raba takarda.

Dorothy ta lura akwai wuri ɗaya da dukansu ke haɗuwa, watau cikin bas. Kowace safiya motocin da ke tashi daga unguwannin baƙaƙe zuwa unguwannin masu kuɗi na arewacin birnin cike suke da 'yan aikatau, da yamma kuma su komo da su. Sai ta mai da bas ofishinta. Ta hau wannan layi ta sauka, ta hau wancan, har ta zagaye layukan birnin, tana zama kusa da mace ta tambaye ta nawa ake biyanta, awa nawa take yi, ana ba ta kuɗin mota ko a'a, me ke damunta. A tashar da ake canjin mota a tsakiyar gari ma takan tsaya ta yi ta magana da su. Ta yi hira da ɗaruruwan mata ta haka. Da yawa sun ji tsoro da fari, don wadda ke da bakuna biyar a gida ba ta wasa da aikinta. Amma da mace ta ji cewa ta kusa da ita ana ba ta dala 5, ita kuwa dala 3 da rabi a kan aiki iri ɗaya, sai ido ya fara buɗewa. Ni a ganina wannan ita ce babbar hikimarta. Ba ta kira su taro a wani babban zaure ba tun da fari, ta bi su inda suke, a lokacin da ba na kowa ba ne sai nasu.

Aka fara da 'yan mata ƙalilan a rukunin gidajen gwamnati na Perry Homes, taro ya yi ta girma har ya koma majami'a. A watan Satumba na 1968 mata wajen 70 suka zaɓe ta shugabar sabuwar ƙungiya, wadda suka sa wa suna Ƙungiyar Ma'aikatan Gida ta Ƙasar Amurka.

Ba su ne na fari ba a wannan birni, kuma ya kamata a faɗa. A watan Yuli na 1881, shekara 16 kacal bayan hana bauta, mata 20 masu wankau a Atlanta suka kafa ƙungiya, suka bi gida-gida, cikin mako uku suka kai wajen 3,000, suka shiga yajin aiki suna neman a daidaita kuɗin wanki ya zama dala 1 a kan kowane laba 12 na kaya. An kama waɗansu, an ci su tara, majalisar gari ta yi barazanar ɗora wa kowace mai wanki kuɗin lasin dala 25 a shekara. Matan suka aika wa magajin gari cewa sun yarda su biya, muddin sana'ar za ta zauna a hannunsu. Majalisa ta janye. Jikokin waɗannan mata ne Dorothy ta tarar a cikin bas.

Ko da yake sunan ƙungiyar na ƙwadago ne, ba ta yi aiki irin na sauran ƙungiyoyin ƙwadago ba, don babu kamfani ɗaya da za a zauna da shi a sa hannu a takarda. Abin da ta yi shi ne koya wa kowace mace yadda za ta yi ciniki da bakinta. Kafin ki fara aiki, ki zauna da uwargida a yanke magana: ga ayyukan da za ki yi, ga waɗanda ba naki ba, ga lokacin zuwa, ga lokacin tashi, ga kuɗin yini, ga kuɗin mota. In an ƙara aiki a ƙara kuɗi. Kwance da ragowar tuwo kyauta ce, in an ba ki kin gode, amma ba lada ba ne. Ta kuma hana su durƙusawa a kan gwiwa suna goge daɓe, tun da akwai abin gogewa mai sanda. Ƙarfin abin shi ne, in mata da yawa sun tsaya a kan farashi ɗaya, uwargidan da ta kori wannan ba za ta sami mai karɓar ƙasa da haka cikin sauƙi ba.

Ƙungiyar ta buɗe ofis inda masu neman ma'aikaciya ke zuwa, a haɗa su da wadda ta dace, bisa sharuɗɗan ƙungiya. Ta shirya horo a kan girki, da rainon yara, da kula da tsofaffi da marasa lafiya, da taimakon gaggawa, da yadda mace za ta tsara kuɗinta. Dalilinta shi ne, wadda ke neman a biya ta kamar gwana, to lalle ta zama gwana, ta zo a kan lokaci, ta riƙe amana. Ba ta goyon bayan ha'inci ko daga wane ɓangare. Sa'ad da aka fara, abin da ake biyan 'yar aikatau a Atlanta bai wuce dala 3 da rabi zuwa 5 a yini ba. Cikin 'yan shekaru matan ƙungiya suna karɓar dala 13 da rabi zuwa 15, ban da kuɗin mota. Ƙungiyar ta bazu zuwa birane wajen goma, aka ƙiyasta matan da ta taɓa rayuwarsu sun kai 13,000.

Akwai sharaɗi guda da ta kafa wanda ba ta sassauta wa kowa: ba a karɓar mace cikin ƙungiya sai ta yi rajistar zaɓe. A 1965 ne aka yi dokar da ta share dabarun da jihohin kudu ke bi suna hana baƙaƙe jefa ƙuri'a, saboda haka abin sabo ne a hannunsu. Dorothy ta san ɗan siyasa ba ya jin kukan mai wanke-wanke, amma yana jin lissafin ƙuri'a. Nan da nan masu neman kujera a Atlanta suka koyi hanyar ofishinta. A 1973 birnin ya zaɓi Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin. Mu nan Arewa sai a 1976 mata suka fara jefa ƙuri'a, bayan irin wuyar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha, ɗauri a kan ɗauri, saboda haka wannan lissafi ba baƙo ba ne gare mu.

Ba a bar ta ta sha ruwan sanyi ba. 'Yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu ƙin baƙaƙe, sun riƙa bugo mata waya suna zagi da barazana. Ba ta fasa ba, takan mayar musu da martani ta ajiye wayar.

A 1970 ta ƙirƙiro bikin shekara-shekara na girmama masu aikin gida. Iyayen gida su rubuto wasiƙa suna bayyana halin kirkin ma'aikaciyarsu, a zaɓi gwanar shekara, a yi liyafa, matan su ci ado su zauna a tebur a kawo musu abinci. Jimmy Carter, sa'ad da yake gwamnan Jojiya, ya sa hannu a takardar da ta tabbatar da wannan rana a jihar. Wata za ta ce ai wannan biki ne kawai, yabo ba ya cika tukunya, kuma da gaskiyarta, don uwargida na iya rubuta wasiƙa mai daɗi alhali ba ta ƙara ko santi ba. Amma wadda aka shekara talatin ana shigar da ita ta ƙofar baya ta san abin da zama a babban tebur yake nufi. Dorothy ba ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya ba, kuɗin da mutuncin duka ta nema.

Yanzu bari mu komo gida kaɗan, don na san waɗansu na karantawa suna cewa Allah wadan Turawan nan. Uwargida, yarinyar nan da dillaliya ta kawo miki daga ƙauye, shekarunta nawa? Nawa ne ladanta a wata, kuma hannun wa yake shiga, nata, ko na iyayenta, ko rabi ya tsaya wurin dillaliya? Ƙarfe nawa take kwanciya, kuma a ina? In 'ya'yanki sun tafi makaranta da safe, ita fa? Dattijuwar da ke kwana da surukarki marar lafiya, tana juya ta, tana wanke ta, tana kwashe abin da 'ya'yan cikinta ke ƙyama, yaushe rabon da a ce mata ta je gida ta huta yini ɗaya? Mu ba mu da wariyar fata, gaskiya ne, kuma akwai gidaje da yawa a birnin nan da suka riƙe 'yar aiki kamar 'ya, suka sa ta a makaranta, suka yi mata kayan ɗaki. Amma akwai kuma inda in cokali ya ɓace ita ce ɓarauniya tun ba a bincika ba, akwai inda ake riƙe ladanta wata uku a ce ana tara mata. Kalmar nan ta cewa ai 'yar gida ce, daɗinta gare mu ya fi yawa, don 'yar gida ba ta da lokacin tashi, ba ta kuma tambayar lada. Matan Atlanta ma haka ake ce musu, kuma Dorothy ta yi ta nuna musu cewa zumunci daban, ciniki daban.

A wajen doka, dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma akwai ɗauri a kai. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau mai aikin gida tana waje, kamar yadda takwararta ta Amurka ta kasance a 1938.

Can kuwa sai a 1974 aka gyara. Ƙungiyar Dorothy da irinta na waɗansu birane suka yi ta matsa wa majalisa, tare da taimakon Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin tarayya, har aka shigar da masu aikin gida cikin dokar mafi ƙarancin albashi, aka fara da dala 1 da santi 90 a awa. Shekara 36 ke nan bayan sauran ma'aikata. Dorothy ta zauna a kwamitin ba da shawara kan al'amuran mata na gwamnatin tarayya, kuma gwamnatocin Nixon da Ford da Carter duk sun nemi ra'ayinta a kan ma'aikata da talakawa.

Sai dai gyaran nan na 1974 ya bar wata ɓaraka. An tsame masu zama da tsofaffi da naƙasassu a gida, wai su 'yan taya hira ne kawai, ba ma'aikata ba. Da tsofaffi suka yi yawa a ƙasar, jinya a gida ta zama babbar sana'a, kamfanoni suka shigo suna ɗaukar mata suna tura su gidaje, suna kuma fakewa da wannan ɓaraka su hana su kuɗin aikin bayan lokaci. Dorothy ba ta ga ƙarshen wannan ba.

Shekarun ƙarshe na ƙungiyar ba su yi daɗi ba. Yawancin kuɗin horon daga gwamnati yake zuwa, kuma a shekarun 1980 aka tsuke bakin aljihu. An ma binciki kuɗin ƙungiyar, binciken ya nuna abin da aka kashe ya fi abin da aka karɓa, don ita ce ke cikawa daga aljihunta. Ban da haka, sana'ar kanta ta sauya hannu. Da dokar 1964 ta hana wariya a wurin ɗaukar aiki, 'ya'yan 'yan aikatau suka shiga ofisoshi da asibitoci da kantuna, baƙin haure daga ƙasashen Karibiyan da Latin Amurka da Asiya da Afirka suka gaji aikin gidan. Dorothy ta riƙe ofishin kusan shekara 30, har ƙarfinta ya ƙare aka rufe shi a tsakiyar shekarun 1990. Ta rasu a Atlanta ran 14 ga Yuli 2005, ta haura shekara 80.

Shekara biyu bayan rasuwarta, a 2007, abubuwa biyu suka faru. Wata 'yar asalin Jamaika mai suna Evelyn Coke, wadda ta yi shekara 20 da ɗoriya tana jinyar tsofaffi a gidajensu a jihar Niyok, wani lokaci dare da rana, ta riga ta kai ƙara tana neman kuɗin aikin bayan lokaci, sai a wannan shekara Kotun Ƙoli ta ce doka ba ta ba ta ba. Cikin wannan shekara kuma ƙungiyoyin masu aikin gida daga birane dabam-dabam suka taru suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙasa, kuma a Atlanta suka yi taron. A 2010 jihar Niyok ta zama ta farko da ta yi wa masu aikin gida dokar hakki ta musamman, mai ba su hutun yini ɗaya a mako da kuɗin aikin bayan lokaci. Ran 16 ga Yuni 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a taronta na Janeba, ta amince da yarjejeniya mai lamba 189, wadda ta ce aikin gida aiki ne kamar kowane, mai yinsa yana da hakkin sanin sharuɗɗan aikinsa, da hutun awa 24 a jere kowane mako, da shiga ƙungiya. Masu jinya a gida na Amurka kuwa sai a 2015 ƙa'idar da ta ba yawancinsu mafi ƙarancin albashi da kuɗin bayan lokaci ta fara aiki, Evelyn Coke ta riga ta rasu tun 2009. A 2025 ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta kawo shawarar a janye wannan ƙa'ida.